Tachycardia, palpitations da faɗuwar gaba: ba abu ɗaya bane fa

Wata ƙanwata, 'yar gwaggona, ta turo min hoton katin asibiti a WhatsApp wajen ƙarfe sha ɗaya na dare, ta zagaye wata kalma da jan biro, a ƙasa ta rubuta "Yaya dan Allah meye wannan, Umma aka rubuta ma, wai ance ciwon zuciya ne." Kalmar ita ce tachycardia, a gefenta likita ya sa 118. Kafin in buɗe saƙon ma har ta riga ta shiga Google ta karanto abinda ya hana ta barci, gidan kuwa an fara koke-koke ƙasa-ƙasa, an bugo ma wanda yake Legas waya wai ya fara shirin tahowa. Da gari ya waye sakamakon gwajin jini ya fito, ashe maleriya ce ta kwantar da gwaggon, ga jininta ya yi ƙasa sosai, kwana uku kuma ba abinda take sa ma cikinta sai ɗan kunu. Aka yi maganin zazzaɓin, aka yi ƙarin ruwa, aka ɗora ta kan maganin ƙarin jini, cikin kwanaki lambar nan ta sauko tamanin da 'yan kai. Zuciyarta ƙalau take, aikin da aka ɗora mata ne ya yi yawa.

Ita dai kalmar ba ma asalin Turanci bace, aro Turawan suka yi daga harshen Girkawa a ƙarni na 19, suka haɗa tachys, wato mai sauri, da kardia, wato zuciya. Shikenan fa, saurin zuciya. Kardia ɗin nan ita ce dai a cikin cardiologist, likitan zuciya, tachys kuma ita ce a tachometer, agogon nan na gaban mota da allurarsa ke tashi in ka taka totur. Kuma ch ɗin tsakiya k ake furta shi, takikadiya, ba "tachi" irin na cinya ba, na sha jin ana karanta ta haka har a bakin masu digiri. Tana da kishiya, bradycardia, bugun da ya yi nawa. A bakin likitoci ma'anarta a ƙididdige take: babban mutum yana zaune yana hutawa, zuciyarsa na buga sama da sau 100 a minti ɗaya. Daga 60 zuwa 100 shi ake ɗauka daidai, ƙasa da 60 kuma bradycardia. Wannan "babban mutum" da "yana hutawa" kar a tsallake su, domin jariri sabon haihuwa 140 ma lafiyarsa lau, nasa ma'aunin yana kaiwa wajen 160, haka wanda ya gama buga ƙwallo yanzun nan ko ya hau bene hawa uku da buhun shinkafa a ka ba wanda zai rubuta masa komai a kati.

Toh kaga kenan tachycardia ba sunan cuta bane, lamba ce aka sa ma suna. Kamar ace maka jikin yaro da zafi ne, ai ba'a faɗa maka ciwonsa ba tukuna, maleriya ce ko haƙori ko ƙyanda, sai an bincika.

Ɗayar kalmar da ake cakuɗa su ita ce palpitations, yawanci da s ɗinta na jam'i ake faɗinta. Ita daga Latin ta zo, palpitare, abu ya dinga harbawa ko ɓari, kuma tushensu ɗaya da palpate, wato likita ya danna cikinka da hannu yana lalube. Palpitations abinda kai kake ji ne a ƙirjinka: zuciya na dukan ƙirji kamar zata fito, ko tana fiffike kamar an kama tsuntsu a hannu, ko ta ɗan tsaya ta sake bugawa da ƙarfi ɗam. Tachycardia kuwa abinda aka ƙirga ne. Ɗaya ta marar lafiya ce, ɗaya ta nas da agogonta. Shi yasa zaka samu mutum yana rantsuwa zuciyarsa zata tsage, a auna a samu 76 cas, abinda yake ji gaskiya ne amma ba tachycardia bace. Zaka kuma samu dattijo zaune yana hira yana cin goro, bai ji komai ba, a auna a samu 130. Na biyun nan wani lokaci shi yafi bawa likita tsoro. Bature a hirarsa ta yau da kullum ba ya cewa yana da tachycardia, sai dai yace my heart is racing ko pounding, ita waccan ta asibiti ce, ma'aikata ma in suna sauri gajarta ta suke su ce marar lafiya is tachy.

Mu kuma a Hausa matsalarmu ta wani gefen take. Kalmomin muna da su, har sun fi na Bature daɗi, gabana ya faɗi, ƙirjina na dukan uku-uku, zuciyata ta tsinke, amma duk a ƙwarya ɗaya muka zuba su. Faɗuwar gaba tana ɗaukar tsoro, tana ɗaukar jin cewa wani mugun labari na tafe, tana ɗaukar abinda budurwa ke ji in taga kiran wanda take so, sannan tana ɗaukar ainihin lalurar da zata iya kai mutum ƙasa. Mace tace ma mijinta "Malam kwana biyu ina fama da faɗuwar gaba" yace ki dinga addu'a ki rage tunani, kuma ba laifi ya faɗa ba, sai dai wataƙila jininta ne ya ƙare. Ciwon zuciya shi ma haka, wanda aka yi ma kishiya ko aka ci amanarsa a kasuwa yana da ciwon zuciya, wanda ƙafafunsa suka kumbura baya iya kwanciya sai da filo uku shi ma ciwon zuciya. Wanda yafi ɗaure min kai shine bugun zuciya. Kowa zuciyarsa na bugawa, in bata buga ba ai sai makara, amma a labarai sai kaji wane ya rasu sakamakon bugun zuciya, ana nufin abinda Bature ke kira heart attack, wato jijiyar da ke kai ma tsokar zuciya jini ta toshe, wani lokacin kuma ana nufin cardiac arrest, zuciyar ta daina harba jini gaba ɗaya, waɗannan biyun ma ba ɗaya bane. To yarinyar da ta saba jin "bugun zuciya ya kashe wane" a rediyo, rana ɗaya nas tace mata bugun zuciyar mamanki ya yi yawa, me kake so ta ɗauka? Ban ga laifin ƙanwar nan tawa ba ko kaɗan.

Akwai kuma rikicin na'urar awon hawan jini, wadda yanzu kusan kowane gida mai tsoho akwai ta. Lamba uku take nunawa. Biyun sama su ne hawan jini, ta ƙasan da aka rubuta pulse a gefenta ita ce yawan bugawa a minti. Na taɓa ganin wani bawan Allah a shagon kemis yana murna wai hawan jininsa ya sauka, 110 bisa 70, bai ko kalli ta ukun ba da ke nuna 124. Hawan jini ƙarfin da jini ke dannar jijiya ne, bugu kuma sau nawa zuciya ta matsa. Mutum na iya samun ɗaya ba ɗaya. Hasali ma wanda yake zubar da jini, kamar mai haihuwa ko wanda yayi haɗari, bugun ne ke fara tashi tun hawan jinin bai faɗi ba, shi yasa ungozomar da ta san aikinta hannunta na kan wuyan hannun maijego.

Yadda abin ke aiki a ciki kuwa, zuciya ɗaki huɗu ce, biyu sama biyu ƙasa, kuma tana da makaɗinta. Wani ɗan ƙullin nama ne a ɗakin sama na dama, sinus node, wasu Turawan Birtaniya biyu Arthur Keith da Martin Flack suka gano shi a 1907. Shi ke sakin ɗan lantarki, kamar makaɗi ya daki ganga, ɗakunan sama su matsa, saƙon ya ɗan dakata a wata mahaɗa a tsakiya sannan ya gangara na ƙasa su ma su matsa. Kusan sau dubu ɗari a rana ake wannan, ana tura jini wajen lita biyar duk minti in kana hutawa. In jiki ya buƙaci ƙarin jini sai ya aika ma makaɗin ya ƙara sauri. Wannan ita ce sinus tachycardia, irin ta gwaggona, kiɗan daidai yake tafiya, sauri kawai aka ƙara, kuma ita ce mafi yawa nesa ba kusa ba. Abubuwan da ke kawo ta duk mun san su a gida. Zazzaɓi, kusan duk digiri ɗaya da zafin jiki ya ƙaru bugu na ƙaruwa da wajen goma. Ƙarancin jini, wanda mata masu ciki da masu sikila da yara masu yawan maleriya suka fi kowa sani. Ƙishirwa, musamman azumi in ya faɗo a watan Afrilu, ko amai da gudawa. Ciki kansa yana ƙara goma zuwa ashirin. Tsoro da fushi da zafin ciwo. Sai maƙoƙo irin wanda ke aiki fiye da kima, mutum yana ci yana ramewa, hannu na rawa, zufa ko a sanyi, ido ya firfito, wannan sau da yawa shekara ake yi ana yawon neman magani kafin wani ya ce a gwada jini. Sai abinda muke zuba ma cikinmu da kanmu: goro yana da kafeyin, Nescafe da shayi mai kauri na gidan mai shayi, lemukan ƙara kuzari da samari ke shan gwangwani uku a jere, sigari, wasu magungunan mura, da abin shaƙar asma irin Ventolin, wanda shi dole ne ga mai shi kuma saurin bugun da yake kawowa na ɗan lokaci ne.

A irin wannan ba zuciyar ake ma magani ba. Shi yasa nake jin haushin masu zuwa kemis su ce a basu maganin faɗuwar gaba, a ɗauko propranolol a miƙa musu kamar alewa. Maganin yana rage bugu kam, amma in jininka ne ya yi ƙasa kaga ka ɗaure ma mai taimakonka hannu kenan, in kuma kana da asma yana iya shaƙe ka.

Sauran nau'o'in su ne inda kiɗan kansa ya lalace, kuma nan ne kalmar ke da nauyi. Akwai wadda ake gajartawa SVT, lantarkin ne ke samun wata 'yar hanya ya dinga zagayawa a saman zuciya kamar ɗan akuya a turke, bugu ya tashi 150 har zuwa 250. Alamarta a bakin masu ita kusan iri ɗaya ce: kamar an kunna makunni, kamar an kashe. Wani abokina da muka yi makaranta tare shekara da shekaru yana fama da ita, muna zaune ana hira sai kawai ya dafe ƙirji, jijiyar wuyansa na harbawa kana gani da idonka, bayan minti ashirin ta ɗauke ɗif kamar ba'a yi ba. Kafin a kai shi asibiti ta wuce, a yi hoton zuciya a ce lafiyarka ƙalau, a gida kuma aka yanke cewa iska ce, ba irin hayaƙin da bai shaƙa ba. Sai ranar da Allah ya sa ta kama shi yana harabar asibitin ya je dubiya, aka manna masa wayoyin nan take aka kama ta a takarda. Yawanci bata kisa, kuma har dabara ake koya ma masu ita, su yi nishi kamar mai yunƙurin bayan gida ko su hura cikin sirinji da ƙarfi na daƙiƙa goma sha biyar, sai ta koma daidai. Wani bincike da aka yi a Ingila aka wallafa a 2015 ya nuna in aka kwantar da mutum aka ɗaga ƙafafunsa nan take bayan hurawar, kusan kashi 43 cikin ɗari na dawowa daidai, maimakon kashi 17 a tsohuwar hanyar. Amma fa sai likita ya tabbatar ita ce tukuna, ba kowa ya ji gabansa ya faɗi ya kama nishi ba.

Sai atrial fibrillation, wadda tafi kama manya da masu daɗaɗɗen hawan jini, da waɗanda ciwon maƙogwaro na yarinta ya lalata musu ƙofofin zuciya. A nan makaɗa ne suka yi yawa a ɗakunan sama, kowa na dukan nasa, ɗakunan sai ɓari kawai suke ba matsawa, in ka taɓa hannun mai ita bugun ba tsari, biyu da sauri, shiru, uku, ɗaya. Hatsarinta ba a saurin yake ba. Jinin da ya kwanta a ɗakin da baya matsawa yana iya daskarewa, gudan ya ɓalle ya tafi ƙwaƙwalwa, shi yasa mai ita ya ninka sauran mutane kusan sau biyar wajen haɗarin shanyewar ɓarin jiki, kuma da yawa basu san suna da ita ba sai ranar da baki ya karkace.

Mafi muni ita ce wadda ke tasowa daga ɗakunan ƙasa, ventricular tachycardia. Ka san famfon tuƙa-tuƙa, in yaro ya kama hannun yana kaɗawa da sauri-sauri ba ya bari ya cika, sai ƙara kawai ruwa baya fitowa? Haka zuciya take, tsakanin bugu da bugu ne take cika da jini, in saurin ya wuce misali bata samun cika, ƙwaƙwalwa ta rasa jini, mutum ya yanke jiki ya faɗi. In ta rikiɗe ta zama ɓari zalla to mintuna ne kawai, ba abinda ke dawo da ita sai danna ƙirji da na'urar nan mai jan lantarki. Masu kallon ƙwallo sun ga bambancin da idonsu. Marc-Vivien Foé na Kamaru ya faɗi a fili a Lyon a watan Yunin 2003 ana wasa da Kolombiya bai tashi ba, daga baya aka gano tsokar zuciyarsa ce ta yi kauri fiye da kima. Mu ma mun rasa Samuel Okwaraji a filin wasa na Legas a watan Agustan 1989 ana wasa da Angola. Christian Eriksen na Denmark kuwa zuciyarsa ta tsaya a Copenhagen a watan Yunin 2021, aka danna ƙirji aka ja masa lantarki a nan cikin fili, ya tashi, aka dasa masa 'yar na'ura a ƙirji, har ya koma buga ƙwallo.

Abu ɗaya da bana so in wuce shi, domin namu ne sosai: maijego. Akwai ciwon raunin zuciya da ke kama mata a ƙarshen ciki ko watannin farko bayan haihuwa, kuma arewacin Najeriya na cikin wuraren da yafi yawa a duniya, tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suke rubutu a kansa, a lokacin sun fi zargin wankan jego da kunun kanwa, binciken da ya biyo baya a Kano da wasu garuruwa ya nuna abin yafi haka sarƙaƙiya, akwai talauci da rashin abinci mai kyau da hawan jinin ciki a lamarin. Maijegon da ke cewa gabanta na faɗuwa, tana haki in ta ɗan yi tafiya, tari in ta kwanta, ƙafa a kumbure, dan Allah kar a ce mata gajiyar haihuwa ce ko a bari sai an yi arba'in.

Na'urar da ke raba gardama duk ita ce ECG, mai zana lantarkin zuciya a takarda, wadda Willem Einthoven ɗan ƙasar Holan ya ƙera a farkon shekarun 1900 har ya ci kyautar Nobel a 1924. Sai dai daƙiƙa goma kawai take ɗauka, in abin baya faruwa a lokacin ba zata gan shi ba, labarin abokina kenan. Shi yasa akwai 'yar ƙarama da ake rataya ma mutum ya tafi da ita gida kwana ɗaya ko biyu, Holter, sunan Ba'amurken da ya ƙirƙiro ta. In babu wannan a kusa, to yatsunka ne. Ka ɗora yatsa biyu, manuni da na tsakiya, a wuyan hannu ta gefen babban yatsa, banda shi babban yatsan domin yana da nasa bugun, ka ƙirga na daƙiƙa talatin ka ninka biyu, ka lura a jere yake ko a hargitse, ka rubuta a waya da lokacin da abinda kake yi. In ka je gaban likita maimakon "likita faɗuwar gaba nake" ka ce masa sau uku a satin nan, ina zaune, farat ɗaya take farawa, na ƙirga 170, minti goma take yi, wallahi ka yi masa rabin aiki. Wasu likitocin ma cewa suke ka buga min a kan tebur yadda kake jinta. In kuma ta zo da ciwon ƙirji, ko numfashi na sama-sama, ko jiri har ka suma, ko a danginku akwai matashin da ya faɗi ya mutu ba ciwon komai, wannan ba ta ƙirga bace, asibiti ake nufa a lokacin ko tsakar dare ne.

Gwaggon tawa da na je gaishe ta bayan an sallamo su, na same ta a tsakar gida tana tsince shinkafa, na'urar awon na gefenta cikin leda. Tace "Kai ɗan nan, ashe wannan taki-takin da suka rubuta min ba komai bane?" Nace Gwaggo komai ne mana, jininki ne ya ƙare, kuma har yanzu ba'a gano inda yake tafiya ba, ranar Talata akwai komawa. Ta ɗan yi tsaki tace ita kam ta warke, sannan ta miƙo min hannu wai in ƙirga mata. Na samu 84.